Tambayoyi da Amsoshi Kan Tafiyar da Haɗari a Gamayyar Binciken Fasahar Masana'antu

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin injiniyoyi, malaman jami'a da masu kamfanoni idan ana shirin haɗa hannu domin binciken sabuwar hanyar ƙera kaya. Amsoshin ba za su tsaya a madadin lauya ba, musamman a batun mallaka da dokokin kasuwa, domin kowace ƙasa da nata tsarin.

Wace irin gamayya ake magana a kai?

Ana nufin tsarin da jami'o'i, cibiyoyin bincike, manyan masana'antu da ƙananan kamfanonin da ke yi musu kayan aiki suke haɗa kuɗi da ma'aikata da injuna domin gano sabuwar hanyar ƙera kaya, galibi da tallafin gwamnati. Abin ya daɗe. Daga 1976 zuwa 1980 gwamnatin Japan ta tara Fujitsu, Hitachi, Mitsubishi, NEC da Toshiba a kan aikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma ci gaban da Japan ta samu a wannan fanni yana cikin abin da ya sa Amurka ta kafa tata gamayyar mai suna SEMATECH a 1987 da kamfanoni 14. Jamus tana da cibiyoyin Fraunhofer tun 1949, Beljiyam tana da cibiyar bincike ta imec a garin Leuven tun 1984, Jami'ar Sheffield ta Ingila kuwa ta buɗe cibiyarta ta binciken ƙere-ƙere tare da Boeing a 2001.

Abin da ya haɗa irin waɗannan ayyuka shi ne babu mai gida guda ɗaya. A cikin kamfani, idan aiki ya karkace akwai wanda zai ce a tsaya, kuma dole a tsaya. A gamayya, jagoran aikin ba shi ke biyan albashin mutane ba, ba ya iya korar kowa, kuma kowane wakili yana da shugaban da zai koma ya yi wa bayani. Daga nan yawancin matsalolin suke tasowa.

Ai shi bincike dama kasada ne. Me kuma za a zauna ana lissafawa?

Gaskiya ne, amma abu biyu ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai haɗarin da domin sa aka taru: wataƙila sabon haɗin ƙarfen ya tsage idan ya huce, wataƙila injin ya kasa kai saurin da ake nema. Wannan ba a kawar da shi, domin da an san amsar tun farko da ba bincike ake yi ba. Iyakar abin da ake yi masa shi ne a gwada abin da aka fi shakka a kai da wuri, tun kuɗin da aka zuba bai yi yawa ba.

Na biyu kuwa babu ruwansa da kimiyya. Wani ya ɓoye sakamako, wani ya janye, kuɗi ya makara, an yi rikici kan mallaka. A ganina wannan ne ya fi kashe gamayya, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, saboda injiniyoyi sun fi jin daɗin tattauna zafin tanderu a kan tattauna wanda zai biya idan tanderun ya lalace.

Ma'aunin ISO 31000 na tafiyar da haɗari, wanda ya fito a 2009 aka sabunta shi a 2018, yana auna haɗari ne da manufar da aka sa a gaba. To, a gamayya manufar ba ɗaya ba ce. Farfesa yana son wallafa bincike da yaye ɗalibai, babban kamfani yana son rage kuɗin ƙira, ƙaramin kamfani yana neman mai saye, gwamnati tana son guraben aiki. Jinkirin wata shida bai cika damun jami'a ba, amma yana iya rufe ƙaramin kamfani. Saboda haka matakin farko shi ne kowa ya faɗi abin da ya kawo shi, a rubuce.

Wa zai mallaki abin da aka ƙirƙiro?

Wannan ce tambayar da ta fi raba abokai, kuma lokacin amsa ta shi ne kafin a kunna inji na farko. Tun ran gini, tun ran zane. Sa'ad da babu komai a ƙasa kowa yana da sauƙin kai. Da zarar an ga abu zai yi kuɗi, sai kowa ya tuna cewa shi ne ya fara kawo shawarar.

Yarjejeniya mai kyau tana raba ilimi gida biyu: wanda kowa ya shigo da shi daga gidansa, da wanda aka samar a cikin aikin. Na farkon ana jera shi dalla-dalla a takardar da ake maƙala wa yarjejeniyar, tare da faɗin wanda aka yarda ya yi amfani da shi da kuma iyakar amfanin. A kula da bambanci tsakanin izinin amfani domin gudanar da binciken da izinin amfani domin kasuwanci bayan an gama. Sau da yawa na farko kyauta ne, na biyu kuwa da kuɗi. Kamfanin da bai lura da wannan ba yana iya wayar gari da sabuwar fasaha a hannu wadda ba zai iya sayarwa ba, domin tana zaune a kan wata tsohuwar fasaha ta abokin aikinsa.

Mallakar haɗin gwiwa tana da daɗin faɗa a taro, shi ya sa ake gudu zuwa gare ta idan an gaji da jayayya. Amma tarko ce idan ba a fayyace ta ba. A dokar Amurka, idan mutum biyu suka mallaki takardar haƙƙin ƙirƙira guda, kowannensu yana iya ba wani lasisi ba tare da ya nemi yardar ɗayan ba, ko da kuwa wanda ya ba ɗin abokin hamayyar ɗayan ne. A Birtaniya kuwa sai da yardar abokin mallakar. Kalmomi iri ɗaya a takarda, sakamako daban. Idan gamayyar ta ratsa ƙasashe, a rubuta dokar ƙasar da za a bi, a kuma rubuta wanda zai biya kuɗin rajista da na sabuntawa, da wanda zai shigar da ƙara idan an saci fasahar.

Akwai wasu ramuka uku da ake yawan faɗawa. Ɗalibai ba lalle ne su zama ma'aikatan jami'a ba, don haka abin da ɗalibi ya ƙirƙiro yana iya zama nasa idan bai sa hannu a takardar miƙa haƙƙi ba. A Amurka, dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ba jami'o'i damar riƙe mallakar abin da suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnatin tarayya, saboda haka kamfani kada ya ɗauka cewa ya biya wani kaso, abin ya zama nasa. Sannan a tanadi abin da zai faru idan wani babban abokin hamayya ya saye ɗaya daga cikin membobin, domin ranar da aka yi cinikin, duk izinin da memban yake da shi yana iya komawa hannun wanda ba a taɓa gayyata ba.

Jami'a tana son wallafawa, kamfani yana son sirri. Yaya ake sasantawa?

Ba a hana wallafawa, jinkirta ta ake yi na ɗan lokaci. Dalilin jinkirin na doka ne. A Turai, idan an bayyana ƙirƙira a fili kafin a shigar da takardar neman haƙƙi, ko da a allon wani taron masana ne, sabuntarta ta tafi kuma ba za a ba da haƙƙin ba. Amurka tana ɗaga wa mai ƙirƙira ƙafa na shekara ɗaya, amma wannan ba zai ceci kasuwar Turai ba.

Samfurin yarjejeniyar DESCA, wanda gamayyoyi da yawa na Tarayyar Turai suke amfani da shi, ya tanadi a sanar da sauran membobi kwana 45 kafin wallafawa, su kuma suna da kwana 30 su kawo ƙorafi. Abin da ya fi adadin kwanakin muhimmanci shi ne jinkirin ya kasance yana da iyaka, kuma ƙorafin ya faɗi takamaiman jimlar da ake so a cire. Ba daidai ba ne kamfani ya riƙe kundin digirin ɗalibi shekara guda saboda lauyansa bai samu lokacin karantawa ba. Inda ya yiwu, kada a ɗora ɗalibin digirin digirgir a kan sashen aikin da aka san sirrin kasuwanci ne.

Idan abokan hamayya ne a zaune wuri ɗaya fa?

Haɗari biyu ne a nan, kuma suna jan juna ta fuskoki biyu masu karo.

Na farko shi ne rowa. Kowane kamfani yana so ya ɗebi ilimi fiye da wanda ya zuba. Sai ya turo ma'aikatan da ba su ne gwanayensa ba, ya kawo matsalar da ba ita ce ta fi damunsa ba, ya zauna yana saurare. Idan kowa ya yi haka, an yi taro an sha shayi an watse. SEMATECH ta ɗanɗana wannan a shekarunta na farko: membobin ba su saki jiki sun buɗe wa juna sirrin hanyoyin ƙirarsu ba. Abin da ya gyara tafiyar shi ne karkatar da aikin zuwa ƙarfafa kamfanonin da ke ƙera injunan da dukansu suke saye. Nan kowa yana da riba, kuma babu wanda aka nema ya tona cikinsa. Darasin yana nan har yau: a zaɓi matsalar da ta dami kowa amma ba ita ce ke bambanta kayan wani da na wani a kasuwa ba, irin su hanyoyin awo, ingancin kayan aiki, ko rage ɓarnar wutar lantarki.

Na biyu kishiyar rowa ne, wato sakin baki fiye da kima. Dokokin hana haɗa baki a kasuwa ba sa barci don an kira taro da sunan bincike. A watan Yulin 2021 Hukumar Tarayyar Turai ta ci kamfanonin Volkswagen da BMW tarar Yuro miliyan 875, saboda a tarukan fasaha da suka yi tsakanin 2009 da 2014 sun daidaita a kan abubuwa kamar girman tankin AdBlue, wato ruwan da ke rage gubar hayaƙi, maimakon su yi gasa wajen tsabtace hayaƙin motocin dizal. Daimler ya tsira daga tarar domin shi ya fallasa lamarin. Babu wanda aka kama da ƙayyade farashi. Laifin shi ne sun yarda kada wani ya wuce wani a fasaha.

Doka ta bar ƙofa a buɗe ga bincike na gaskiya. Amurka ta yi dokar haɗin gwiwar bincike a 1984 wadda ta sassauta hukunci ga gamayyar da ta yi rajista, Tarayyar Turai kuma tana da sassauci ga abokan hamayyar da kasonsu na kasuwa a haɗe bai wuce 25 cikin 100 ba. Duk da haka, kowane taro ya kasance da ajanda a rubuce da kuma rubutaccen bayanin abin da aka tattauna. Ba a maganar farashi, ko yawan kayan da za a fitar, ko rabon masu saye, ko ranar da wani zai shigar da kaya kasuwa. Wanda ya ji an shiga irin wannan magana ya ce a rubuta bai yarda ba, ya tashi ya fita. Hira a wurin cin abinci bayan taro ma tana cikin lissafi.

Rajistar haɗari tana da amfani kuwa, ko cika takarda ce kawai?

Rajistar haɗari ita ce jerin abubuwan da za su iya ɓata aiki da yadda za a tare su. Yawancin irin waɗannan rajistoci cika takarda ne. Ana rubuta su lokacin neman tallafi, a sa abubuwa irin su “ƙarancin sadarwa tsakanin membobi”, a rubuta maganinsa “za a riƙa yin taro a kai a kai”, daga nan ba a sake buɗe su sai mai binciken kuɗi ya zo.

Rajistar da ke aiki ana gane ta da abu kaɗan. Kowane layi yana faɗin sanadi da abin da zai biyo baya: tanderu ɗaya ne a duk gamayyar da ke kai zafin da ake buƙata, idan ya tsaya sassan aiki uku za su tsaya. Kowane layi yana ɗauke da sunan mutum guda, ba sunan cibiya ba, domin abin da aka ce na kowa ne babu mai kwana da shi a rai. Kuma akwai alamar da idan an gan ta za a motsa, tare da abin da za a yi. Rajista mai layi goma da ake dubawa kowane wata ta fi mai layi ɗari da ke kwance a kwamfuta.

Ga ɓangaren injuna da hanyoyin ƙira, masana'antu suna da tsohuwar dabara mai suna FMEA, wadda ta samo asali daga rundunar sojan Amurka a 1949. Ana bin kowane mataki a tambayi yadda zai iya lalacewa, a ba shi maki a kan munin illa, yawan aukuwa da wuyar ganowa. Tana da amfani, amma a yi hattara da ninka makin a bi babbar lamba ido rufe. Abin da ba ya cika faruwa amma yana iya kashe ma'aikaci bai kamata ya sauka ƙasan jeri don lissafi ya ce haka ba.

Wata dabarar mai sauƙi ita ce a farkon aiki a ce wa kowa ya ƙaddara cewa shekara uku sun wuce kuma aikin ya rushe, ya rubuta dalili shi kaɗai ba tare da sa suna ba. Abin da mutane ke jin nauyin faɗa a gaban babban abokin aiki yakan fito a irin wannan takarda.

Me ya sa abu yake aiki a ɗakin gwaji amma ya ƙi a masana'anta?

Domin tambayoyin ba ɗaya ba ne. Ɗakin gwaji yana tambaya ko abin zai yiwu. Masana'anta tana tambaya ko zai yiwu sau dubu ɗari a jere, da ma'aikacin dare, da kayan da aka sayo daga wani dillali daban, a kan kuɗin da mai saye zai iya biya. Mai bincike yana iya yin samfuri goma, biyu su yi kyau, ya wallafa. Masana'antar da ke zubar da takwas cikin goma ba za ta kai ƙarshen shekara ba.

Akwai abubuwan da girma kansa yake canzawa. Zafi ba ya ratsa babban tanki kamar yadda yake ratsa ƙaramar kwalba. Garin ƙarfen da ake amfani da shi a firintar 3D yana canza hali idan an sake amfani da shi sau da yawa ko ya sha danshi. Injin da ƙwararre ya saita da hannunsa yana iya ba da wani sakamako daban a hannun wanda ya gaje shi.

Ana auna yadda fasaha ta kusa shiga amfani da matakan da ake kira TRL, daga 1 zuwa 9, waɗanda hukumar NASA ta fara amfani da su. Jami'o'i sun fi ƙarfi a matakan farko, kamfanoni sun fi son karɓar abu a matakan ƙarshe, tsakiyar kuwa, wajen 4 zuwa 7, ita ce inda fasahohi da yawa suke mutuwa saboda babu mai son biya. Cike wannan giɓi ne dalilin kafa yawancin gamayyoyin. Sai dai TRL yana magana ne a kan fasahar, ba a kan iya ƙera ta ba. Shi ya sa ma'aikatar tsaron Amurka ta fito da wani ma'aunin, MRL, daga 1 zuwa 10, wanda ke duba kayan aiki, masu kawo su, ƙwarewar ma'aikata da kuɗin ƙira. Abu yana iya yin nisa a na farko yana baya a na biyu.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne a shigo da mutanen da ke tsaye a kan layin ƙira tun watan farko, a ba su ikon cewa wannan ba zai yiwu a wurinmu ba. Sannan a yarda da hanyar awo guda. Idan ɗakunan gwaji biyu suka auna samfuri ɗaya suka samu lambobi daban, a tsaya a warware wannan kafin a ci gaba, in ba haka ba duk bayanan da za a tara daga baya ba za su kwatantu ba.

Idan wani memba ya janye ana tsakiyar aiki fa?

A ɗauka zai faru. Kamfanoni suna canza shugabanni, kasuwa tana juyawa, wasu suna karyewa. A 2011 Intel, TSMC, Samsung, IBM da GlobalFoundries suka kafa gamayya a jihar New York domin komawa faifan silikon mai faɗin milimita 450 daga mai 300, wato faifan da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta a kansa. Manyan kamfanoni ne, kuɗi ba shi ne matsalarsu ba. Amma sha'awar ta yi sanyi, masu ƙera injuna suka ƙi zuba jari a abin da ba su da tabbacin za a saya, bayan 'yan shekaru aikin ya mutu. Har yau masana'antar tana kan milimita 300.

Abin da za a iya yi shi ne a rage zafin fitar. A duba tun farko wane memba ne idan ya tafi babu mai maye gurbinsa, ko don injinsa ko don bayanansa, a nemi madadi ko da a takarda ne. Yarjejeniya ta faɗi tsawon sanarwar fita, ta kuma ce izinin da mai fita ya bayar a kan iliminsa yana nan daram har a gama aikin. A tanadi hanyar cire memban da ya daina aiki, da yawan ƙuri'un da ake buƙata, ba tare da shi yana da ikon hana a cire shi ba. A shirin Horizon Europe na Tarayyar Turai, wanda ke gudana daga 2021 zuwa 2027, membobi suna ɗauke da alhakin kammala aikin fasaha tare, wato idan ɗaya ya gaza sauran ne za su san yadda za su yi. Ana kuma cire wani kaso na tallafin, galibi 5 cikin 100, a ajiye a asusun lamuni na bai ɗaya domin irin wannan rana.

Ta fuskar kuɗi, ina aka fi samun matsala?

Dogaro da tushe ɗaya. Tsarin Fraunhofer ya shahara ne domin kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa ne tallafin dindindin daga gwamnati, sauran sai cibiyoyin sun nemo ta hanyar kwangila da kamfanoni da kuma gasar ayyukan gwamnati. Cibiyoyin Catapult na Birtaniya sun ɗauki irin wannan tsari. Hikimar ita ce kuɗin dindindin yana ba da damar yin bincike mai nisa, kuɗin kamfanoni kuma yana hana a yi binciken da babu mai buƙatarsa. SEMATECH ta fara da kimanin dala miliyan 100 a shekara daga gwamnati, kamfanoni suna zuba kwatankwacinsa, kuma ta daina karɓar kuɗin gwamnatin tarayya bayan 1996. Gamayyar da ba ta fara tunanin ranar yaye ba tun tana shekara ta biyu, ranar za ta zo mata ba shiri.

Sai lokacin biya. Tallafi da yawa sai an kashe ake mayarwa, bayan watanni. Babban kamfani ba ya ji a jikinsa, ƙarami kuwa albashin ma'aikatansa ne. Ƙaramin kamfani ya lissafa watanni nawa zai iya ɗaukar nauyin kansa kafin ya sa hannu. Haka kuma gudunmawar da ba ta tsabar kuɗi ba, kamar lokacin inji ko na ma'aikata, a yarda da yadda za a ƙiyasta ta, a riƙa rubuta sa'o'in aiki a lokacin da aka yi su. Mai binciken kuɗi yana iya zuwa shekaru bayan an rufe aiki, kuma abin da babu shaidarsa a rubuce sai an mayar.

Yaya batun kutse da satar bayanai?

Ɓarawo ba ya bi ta inda aka fi tsaro. Idan manyan kamfanoni biyu da jami'a da ƙaramin kamfani suna amfani da rumbun bayanai ɗaya, tsaron rumbun bai wuce na wanda ya fi rauni a cikinsu ba. Injunan masana'anta kuma sukan yi shekaru da tsohuwar manhaja da ba a sabuntawa. A watan Maris na 2019 manhajar garkuwa da bayanai ta afka wa kamfanin alminiyam na Norsk Hydro, har wasu masana'antunsa suka koma aiki da hannu. Kamfanin ya ƙi biyan fansa, ya dogara da kwafin bayanan da ya adana.

A rarraba bayanai gwargwadon sirrinsu, kowa ya ga abin da aikinsa ke buƙata kawai, a rufe asusun mutum ranar da ya bar aikin, a raba injunan gwaji da intanet ɗin ofis. Kuma a yarda cewa wanda aka yi wa kutse zai sanar da sauran cikin ƙayyadadden lokaci, domin kunya takan sa a yi shiru.

Dokokin fitar da fasaha zuwa waje sun shafe mu ko da ba makamai muke yi ba?

Suna iya shafarku. Injunan sassaƙa masu tsananin daidaito, wasu nau'o'in zaren kabon da wasu na'urorin awo suna cikin kayan da ke da amfani biyu, na farar hula da na soja, waɗanda ƙasashen yarjejeniyar Wassenaar ta 1996 suke sa wa ido. A dokar Amurka, nuna wa ɗan wata ƙasa bayanan fasahar da aka taƙaita ana lissafa shi tamkar an fitar da ita zuwa ƙasarsa, ko da a cikin ɗakin gwaji a Amurka aka nuna masa. An taɓa ɗaure malamin jami'a a kan irin wannan. A tantance matsayin fasahar kafin a raba aiki, ba bayan an ɗauki ɗalibai ba.

Idan mutumin da ya fi kowa sanin aikin ya tafi fa?

A ƙere-ƙere ilimi mai yawa yana hannu ne da ido, ba a takarda ba. Kada a bar mataki mai muhimmanci a hannun mutum ɗaya. A sa wani ya maimaita gwajin daga rubutaccen bayani kawai, ba tare da mai shi yana tsaye a kansa ba. Idan ya kasa, bayanin bai cika ba. Musayar ma'aikata na 'yan watanni tsakanin membobi tana yin abin da rahoto ba zai yi ba.

Yaushe ya kamata a dakatar da aikin da ba ya tafiya?

A gamayya wannan ya fi wuya fiye da ko'ina, domin kowa yana da dalilin yin shiru. Jami'a tana da ɗalibai a kan aikin, cibiya tana da albashin da ta jingina da shi, jami'in da ya amince da tallafin ba ya son a ce ya yi zaɓen tumun dare. Sai rahotanni su yi ta fitowa da launin kore, wato komai lafiya, har kuɗi ya ƙare.

Hanyar da ta fi aiki ita ce a kafa shingayen tantancewa tun farko, kowanne da lambar da aka yarda da ita: idan a wata na 18 kayan da ke fitowa lafiya ba su kai kaso kaza ba, za a tsaya ko a canza hanya. Masu yanke hukuncin su haɗa da mutanen da ba su da ko sisi a cikin aikin. Kuma kuɗin da aka ceto ya zauna a cikin gamayyar, a juya shi zuwa wani sashe, masu aikin da aka rufe su samu wurin komawa. Idan faɗin gaskiya yana nufin rasa abinci, ba za a faɗe ta ba.

Sai dai jinkiri kaɗai ba hujjar rufewa ba ne. Fasahar EUV ta zana ƙwaƙwalwar kwamfuta da haske mai gajeren zango ta samu gamayyarta a Amurka tun 1997, ta sha ɗage lokaci, har a 2012 Intel, TSMC da Samsung suka zuba jari a kamfanin ASML na Holan domin a ci gaba, kuma sai a 2019 kayan da aka ƙera da ita suka fara shiga kasuwa sosai. Wanda ya rufe ta a shekara ta goma da ya tafka asara. Abin dubawa a kowane shinge shi ne ko matsalolin da suka rage suna raguwa kuma an san sunayensu, sannan ko har yanzu akwai kamfanin da ke shirye ya sa kuɗinsa domin ya karɓi sakamakon. A aikin milimita 450 masu karɓar ne suka ja da baya. A na EUV kuwa su ne suka ƙaro kuɗi.